Nike Phantom Luna: takalmin ƙwallon da aka ƙera domin mata, amfaninsa da iyakarsa

Duk wadda aka miƙa wa Phantom Luna, kafin ta tsaya kallon launi ta fara kifa shi ta dubi ƙasansa. A ƙarƙashin tudun yatsu, daidai inda 'yar wasa ke ɗora nauyinta in za ta juya, haƙoran ba a jere suke ba kamar yadda aka saba gani. An dasa su ne a zagaye, kamar duwatsun murhu. Kamfanin Nike ya sa wa wannan tsari suna Cyclone 360, kuma shi ne babban abin da ake biyan kuɗi dominsa. Sauran abubuwan da ke jikin takalmin, wasu na da amfani, wasu kuwa kwalliyar talla ce.

An fito da shi a watan Yunin 2023, ana saura 'yan makonni a fara gasar cin kofin duniya ta mata a Ostireliya da New Zealand, gasar da Super Falcons suka kai zagayen 'yan 16 kafin Ingila ta fitar da su a bugun fenareti. Ya kuma fito a daidai lokacin da ake cikin wata damuwa. A watannin da suka gabaci gasar, manyan 'yan wasa sun yi ta faɗuwa da ciwo iri ɗaya, wato tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa da likitoci ke kira ACL. Alexia Putellas ta Sifaniya ta tsinke tata a Yulin 2022, Marie-Antoinette Katoto ta Faransa ma a watan. A ƙungiyar Arsenal kaɗai, Beth Mead ta faɗi a Nuwamban 2022, Vivianne Miedema a Disamba, Leah Williamson a Afrilun 2023. Mai wannan ciwo takan yi wata tara zuwa shekara guda ba ta taka leda ba, bayan tiyata. Bincike iri-iri ya nuna mata 'yan ƙwallo sun fi maza gamuwa da shi da ninki biyu zuwa shida. Sai ido ya koma kan abin da suke sawa a ƙafa.

A 2023 ne kuma Ƙungiyar Kulob-Kulob ta Turai ta tambayi 'yan wasa mata kusan 350 daga manyan ƙungiyoyi 16. Kashi 82 cikin ɗari suka ce takalminsu na damunsu, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma suka nuna dunduniya a matsayin inda ya fi ci musu tuwo a ƙwarya. Waɗannan fa ƙwararru ne da ake kai wa takalma kyauta. Ina ga yarinyar da ke tsintar nata a tulin gwanjo?

Ƙafar mace ba ƙaramar ƙafar namiji ba ce

Kowane takalmi ana gina shi ne a kan wani kwatancin ƙafa na roba ko katako, irin wanda masu ɗinkin takalma ke cusawa ciki su ja fata a kai. Shekara da shekaru, kwatancin da ake gina takalmin ƙwallo a kai na ƙafar namiji ne. In an ce na mata, sai a rage girma a shafa ruwan hoda, shi ke nan.

Matsalar ita ce, in aka jera ƙafar mace da ta namiji masu tsawo ɗaya, siffarsu ba ɗaya ba ce. Galibi dunduniyar mace ta fi siranta, gaban ƙafarta kuma yana da faɗi in aka kwatanta da dunduniyar. Bayan ƙafar, inda igiya ke bi, bai kai na namiji kauri ba, ƙashin idon sawu kuma ya fi kusa da ƙasa. To in ta sa takalmin da aka auna da namiji, ɗayan biyu ne. Ko ta ɗauki wanda ya yi wa yatsunta daidai, dunduniya ta riƙa zamewa sama da ƙasa a kowane taku, ta tashi da bororo a bayan agara. Ko ta ɗauki wanda ya kama dunduniyar, yatsu su matse, farce ya yi baƙi ya cire, tudun babban yatsa ya kumbura. Da yawa sukan zaɓi na farko su ƙulle igiya tam don rufe gibin, sai bayan ƙafa ya dinga sagewa tun ba a je hutun rabin lokaci ba.

Akwai wata illar da ba a gani da ido. Tafin takalmin ƙwallo yana da wurin da aka yi shi ya lanƙwasa, kuma ya kamata wurin ya dace da gaɓoɓin tushen yatsu. In bai dace ba, ƙafa na lanƙwasa a nan, takalmi na lanƙwasa a can, nauyin sai ya taru a kan dogayen ƙasusuwan tsakiyar ƙafa. Daga nan ake samun 'yar tsagewar ƙashi da ke farawa kamar gajiya, ta ƙare a filasta.

Abin da zagayen haƙora ke yi

Aikin haƙori iri biyu ne, kuma suna hamayya da juna. Ana so ya kama ƙasa in za a zabura ko a ja birki, ana kuma so ya saki ƙasa in za a juya. Haƙori mai faɗi kamar bakin wuƙa ya iya kamu, amma bai iya saki ba. In 'yar wasa ta dasa ƙafa ta murɗa jiki, haƙoran suka ƙi juyawa da ita, ƙafa ta zama turke, ƙugu ya tafi, gwiwa ce ke tsakiya tana ɗaukar murɗar. Mafi yawan tsinkewar wannan jijiya haka suke faruwa, ba tare da wata ta taɓa mai ciwon ba: juyi, ko birki, ko dirowa daga tsalle.

Nan ne jikin mace ya shigo. Tsawo da kaurin haƙoran da aka saba da su an lissafa su ne da nauyi da ƙarfin namiji. Ɗan wasa mai kilo 78 yana da ƙarfin da zai tumɓuke haƙoran daga ƙasa ya juya da su. 'Yar wasa mai kilo 58 ta sa haƙora iri ɗaya a fili iri ɗaya, kamun bai ragu ba, amma ƙarfin tumɓukewar ya ragu. Ga kuma ƙirar jiki: faɗin kwankwaso na sa cinya ta sauko a karkace zuwa gwiwa, jijiyar kanta galibi ta fi ta namiji siranta, kuma 'yan mata da dama in suka diro daga tsalle gwiwoyinsu kan karkata ciki su nufi juna.

Da haƙora a zagaye, gaban ƙafa na iya juyawa a kan tudun yatsu kamar ƙyaure a kan ƙusarsa, alhali sauran haƙoran na gefe da na dunduniya na riƙe da aikin birki. A fili mai ciyawa ta gaske, mai ɗan danshi, dabarar na aiki. 'Yar tsakiya da ke karɓar ƙwallo ta baya ta juya da ita ita ce ta fi cin moriyarsa. 'Yar gefe mai gudu a miƙe za ta ji kamun farko bai kai na takalma masu haƙoran wuƙa cizo ba, kuma gaskiya ne, ciniki ne aka yi: an ba da ɗan cizo an karɓi sauƙin juyi. A ganinmu cinikin ya yi riba.

Sai dai kada a ɗora wa takalmi abin da ya fi ƙarfinsa. Ba layar gwiwa ba ne. Abin da ke da hujja mafi ƙarfi wajen rage wannan ciwo kyauta ne, wato motsa jiki na musamman kafin atisaye. A Suwidin an gwada wani tsari na minti 15, sau biyu a mako, a kan dubban 'yan mata matasa, sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna tsinkewar jijiyar ta ragu da kashi 64 cikin ɗari. Tsarin FIFA 11+ ma na minti 20 ne, ba ya bukatar komai sai fili da kocin da zai tsaya yana gyara wa yara dirar gwiwa. Ƙungiyar da ta sayi Luna ta bar wannan ta sayi linzami ba doki.

Wuya, fata da igiya

Wuyan takalmin saƙa ce mai talewa da ke hawa idon sawu kamar safa, kuma da gangan ba a yanke bakinsa daidai-wa-daida ba, don ƙasusuwan idon sawu biyu ba a layi ɗaya suke ba, na ciki ya fi na waje tsayi. Ga mai siririyar dunduniya wannan wuya yana rage zamewa ƙwarai. Amma a fahimta, saƙa ce kawai. Ba ta hana targaɗe, ba ta kuma maye gurbin bandejin da ake naɗa wa mai raunin idon sawu. Sa shi ma aiki ne, musamman ga mai tudun bayan ƙafa: sai an sassauta igiya har ƙasa, an kama wuyan da hannu biyu. Mai jan sa da ƙarfi daga gefe ɗaya ita ke fara ɓarke ɗinkin bayan dunduniya.

Fatar sama ta samfurin Elite, wato matakin Luna mafi tsada, ita ce Gripknit, zare ne da aka lulluɓe da wani abu mai danƙo. In aka shafa yatsa a kai ana jin yana kamawa. A ruwan sama ko raɓar safe yana taimaka wa taɓin farko, ƙwallo ba ta sulɓewa. A ƙura kuwa labarin ya sha bamban, domin abin da ke kama ƙwallo shi ke kama ƙura. Minti goma a filin hunturu ya isa danƙon ya lulluɓe, sai an goge da jiƙaƙƙen tsumma yake dawowa. An karkatar da igiyar zuwa gefen waje don a bar fili a cikin ƙafa inda ake buga ƙwallo. Wannan tsohuwar dabara ce, tana da kyau, ba kuma ta mata kaɗai ba ce.

Nauyinsa bai kai giram 250 ba kowace ƙafa. Bai kai takalman gudu sauƙi ba, bai kuma yi nauyin da za a yi ƙorafi ba.

Na mata ne, ko na kowa?

Nan ne muke da ja da Nike. An tallata Luna a matsayin takalmin da binciken ƙafar mata ya haifa, amma tun farko maza ma na sa shi. A farkon 2024 da Luna 2 ya fito, sai ya zama tagwaye da Phantom GX 2, tafi ɗaya, fata ɗaya, bambancin kawai wannan mai dogon wuya ne, wancan gajere, kuma GX 2 ɗin ne Erling Haaland ya riƙa sawa a lokacin. A 2025 aka kawo Phantom 6, sunan Luna ya ɓace. Ana iya cewa abin alfahari ne, an fara ƙira daga mata maza suka bi, maimakon akasin haka da aka saba. Amma takalmin da aka yi ya shiga ƙafar kowa dole ya yi sassauci a wani wuri, kuma mai dunduniya siririya sosai za ta iya samun sauran gibi a cikinsa.

Masu hamayya sun bi wata hanya. IDA Sports, ƙaramin kamfanin da Laura Youngson ta kafa tare da abokin aikinta bayan ta buga wasa a kan Dutsen Kilimanjaro a 2017 da takalmin yara maza, mata kaɗai yake yi wa takalma. Puma na fitar da samfuransa da ƙirar mata dabam, mai ƙarancin zurfi a bayan ƙafa. Adidas ya kawo F50 Sparkfusion a 2025, shi ma a kan ƙirar ƙafar mace. Wadda damuwarta dacewar ƙafa ce zalla, ta gwada waɗannan kafin ta yanke hukunci. Wadda damuwarta juyi ne, zagayen Luna na nan kan gaba.

Abin mamaki ma shi ne daɗewar da aka yi kafin a zo nan. Sauran wasanni sun daɗe da auna kaya da jikin mace. Ƙwallon kwando ta mata lamba 6 ce, ta maza 7. Ragar ƙwallon raga ta mata mita 2.24, ta maza 2.43. Dalmar jifa kilo 4 ce ga mata, 7.26 ga maza. A ƙwallon ƙafa kuwa komai ɗaya ne: ƙwallo lamba 5 mai giram 410 zuwa 450, raga mai faɗin mita 7.32 da tsayin 2.44. Ko ya kamata a taɓa waɗannan, muhawara ce mai tsawo. Takalmi kuwa babu dokar wasa da gyaransa ke karyawa, rashin kula ne kawai ya jinkirta shi.

A filayenmu

Haruffa biyu da ke jikin kwali sun fi sunan takalmin muhimmanci. FG na ciyawa ta gaske ne mai ɗan tauri. AG na ciyawar roba ne, wato kafet, haƙoransa sun fi gajarta sun fi yawa. SG na taɓo ne, mai ƙusoshin ƙarfe. MG tsaka-tsaki ne, TF kuma tafin roba ne mai ƙananan ƙuraje birjik. Mafi yawan Luna Elite da ke yawo a kasuwa FG ne.

To mafi yawan 'yan matan da ke atisaye a Kano, Kaduna, Lafiya ko Yola ba a ciyawa suke yi ba. Fako ne, ko burji, ko rairayi a kan ƙasa mai tauri. A fako haƙori ba ya nutsewa ko kaɗan. 'Yar wasa tana tsaye ne a kan tsinin haƙora goma sha wani abu, nauyinta duka a kansu, kamar mai tafiya a kan tsakuwa. Zagayen da aka biya kuɗi dominsa bai shiga ƙasa ba balle ya yi aiki. Abin da ke biyo baya sananne ne: zafi a ƙarƙashin tudun babban yatsa, ciwon ƙwauri, idon sawu mai saurin gocewa saboda an ɗaga ƙafa sama ba madogara, haƙora kuma su cinye cikin 'yan watanni. A ciyawar roba matsalar akasin haka ce. Dogon haƙori na cusawa cikin zaren kafet ya maƙale, kafet kuma ba ya yagewa kamar yadda ƙasa ke ɓarewa ta saki ƙafa. FG a kan busasshen kafet da rana tsaka shi ne haɗin da ya fi kowanne haɗari ga gwiwa, ko da haƙoran a zagaye suke. Zafin kafet ɗin kuma na sassauta gam ɗin da ke riƙe tafi, bakin takalmin ya fara buɗewa daga wajen yatsu.

Saboda haka hukuncin ya rabu. Ga 'yar wasan lig da ke buga wasanninta a ciyawa mai ban-ruwa, Luna Elite FG takalmin ranar wasa ne mai kyau, ta ajiye shi don wannan kaɗai. Ga mai kafet, sai AG ko MG. Ga mai fako, TF na ƙaramin samfuri ya fi Elite amfani nesa ba kusa ba, kuma kuɗinsa bai kai rabi ba. Sabon Elite ya haura dala 250 lokacin da ya fito. Luna 2 na da matakai a ƙasa da shi, Pro da Academy da Club. A Academy ba a samun fatar Gripknit, amma tunda ƙura ke kashe danƙon, ba a yi wata asara ba.

Tunda an daina yayinsa, yanzu an fi samunsa a ragin farashi ko a gwanjo, jabu kuma ya cika kasuwa. A duba lambar samfurin da ke jikin 'yar takardar cikin takalmin, ta dace da ta kwali, ƙafa biyun kuma su zo ɗaya. A kama gaba da baya a murɗa: na gaske yana lanƙwasa a tushen yatsu kaɗai, tsakiyarsa na turjewa, jabu kuwa yakan naɗe a tsakiya kamar silifa. In na hannu ne, a ajiye shi a kan tebur a duba haƙoran. In na gefe ɗaya sun fi cinyewa, zai karkatar da ƙafar sabuwar mai shi zuwa takun tsohuwar mai shi, a bar shi ko da araha ne.

Awo

Kada a sayi takalmin ƙwallo da lambar takalmin biki. Lambar mata ta Amurka ta ɗara ta maza da ɗaya da rabi, wato 8 ta mata ita ce 6.5 ta maza, kuma nan ne masu oda ta intanet suka fi yin kuskure. Santimitar da ke jikin takardar ciki ita ce abin dogaro. A yi awo da yamma ko bayan atisaye, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi wasa da ita. A taka farar takarda a tsaye, dunduniya jingine da bango, a ja layi a bakin yatsan da ya fi tsawo, wanda ba lallai ne ya zama babban yatsa ba. A auna ƙafa biyun a ɗauki mafi tsawo, a ƙara milimita 5 zuwa 10.

In takalmin na hannu, a zare shimfiɗar ciki a taka ta. In gefen ƙaramin yatsa ya zubo waje, ya yi matsi, kuma saƙar Luna ba ta buɗewa da yawa kamar fatar dabba, kada a ce zai saki. A mayar da shimfiɗar, a ɗaure igiya daidai ba tam ba, a ɗaga dunduniya a tsaya kan yatsu sau goma. In dunduniya na fita tana komawa, safa mai ɗigon roba a tafi ko 'yar ƙarin shimfiɗa a dunduniya na iya rufe ƙaramin gibi. In yatsa guda na shiga bayan agara a sake, wannan ƙirar ba ta ƙafar ba ce, a nemi wata.

Sabo ba a kai shi wasa kai tsaye. A yi atisaye uku ko huɗu da shi, minti 20 zuwa 30 kowanne, ana ƙarawa a hankali. Dabarar nan ta tsoma ƙafa da takalmi cikin ruwan zafi ta takalman fata ce, a nan gam kawai za ta lalata. Bayan wasa a kakkaɓe ƙasa da tsohon buroshin haƙori, a goge da ruwan sanyi, a cusa takardar jarida a ciki, a shanya a inuwa inda iska ke bi, ba a kan kwanon rufi ba.